Tattaki A Cikin Ruwa Bayan Tiyatar Ƙugu: Bayani Ga Al'ummar Balan Da Kewaye

Ba baƙon abu ba ne a yau a ji an ɗauki dattijo ko dattijuwa daga mazaɓar Balan ta Ƙaramar Hukumar Gaya, ko daga ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Ajingi mai maƙwabtaka da Gaya, an bi ta Wudil an nufi birnin Kano domin yin tiyatar ƙugu. Galibi Asibitin Ƙashi na Dala ake dosa, wanda yake aiki tun shekarar 1959, ko kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kafin a kai ga ranar aikin, iyali sun sayar da sa ko tumaki, wani lokaci har da jinginar da gona, saboda haka idan aka sallamo majinyaci kowa yakan yi ajiyar zuciya, a ɗauka wahala ta ƙare. Amma a wurin likitoci, ranar sallama ita ce farkon kashi na biyu na jinya, wato sake koya wa ƙafa tafiya. Wannan kashi ne yake nuna ko mutum zai koma gonarsa da masallacinsa, ko kuwa zai ƙare a kan shimfiɗa duk da kuɗin da aka kashe.

Daga cikin hanyoyin da likitocin gashin ƙashi, waɗanda ake kuma kira likitocin fisiyo, suke bi a wannan mataki akwai na'urar tattaki ta cikin ruwa. Wasu sun ga bidiyonta a wayar hannu, wasu kuma sun ji labarinta daga bakin waɗanda suka je jinya ƙasashen waje. Daga nan ake samun fahimta iri biyu, kuma dukkansu suna buƙatar gyara. Akwai masu ganin cewa wanda bai samu shiga wannan na'ura ba, ba zai warke sarai ba. Akwai kuma masu ganin cewa tun da ruwa ne sirrin, to kogi ko kududdufin bayan gari ma ya wadatar. Fahimtar farko tana karya zuciyar majinyaci babu dalili, ta biyun kuwa tana iya jawo asarar aikin baki ɗaya. An shirya wannan bayani ne domin jama'a da jami'an ƙananan hukumomin biyu su san abin da na'urar take yi, da kuma yadda za a cim ma manufarta a gidajenmu na karkara.

Gaɓar ƙugu da abin da ke kai ta ga tiyata

Gaɓar ƙugu ita ce inda kan ƙashin cinya, mai siffar ƙwallo, yake shiga cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo a ƙashin kwatangwalo. Tsakanin ƙwallon da ƙoƙon akwai guringuntsi mai santsi wanda yake hana ƙashi gogar ƙashi. A duk takun da mutum ya yi, ƙarfin da ke sauka a kan wannan gaɓa yakan kai kimanin ninki biyu da rabi na nauyin jikinsa, saboda ban da nauyin jikin akwai jan tsokokin da ke riƙe da ita. Shi ya sa ciwon ƙugu yake saurin kwantar da mutum.

Abin da ya fi kai tsofaffi ga tiyata shi ne karayar wuyan ƙashin cinya, wadda santsin bakin rijiya ko na banɗaki kawai ya isa ya jawo ta idan ƙashi ya yi rauni saboda shekaru. Ga matasa kuwa hatsarin babur ne kan gaba, sai cutar sikila. Nijeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar masu sikila a duniya, kuma a 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita a ƙasar nan a kowace shekara. Cutar takan toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, sai ƙwallon ya mutu ya loɓa, a ga saurayi ko budurwa suna ɗingishi tun da ƙuruciya. Akwai kuma zaizayewar guringuntsi da ke zuwa da girma, wadda jama'a kan sanya cikin jerin sanyin ƙashi.

Aikin da ake yi ya danganta da ciwon. Wani a ɗaure karayarsa da kusoshi ko ƙarfe, wani a sauya masa ƙwallon kaɗai, wani kuma a sauya ƙwallon da ƙoƙon gaba ɗaya. Wannan na ƙarshen ya samu gindin zama ne a 1962, lokacin da wani likitan Ingila mai suna John Charnley ya haɗa ƙwallon ƙarfe da ƙoƙon roba mai tauri a asibitin Wrightington. Ya kamata iyali su san wane aiki aka yi wa nasu, domin wanda aka sauya wa gaɓa sau da yawa ana ba shi izinin taka ƙafar tun washegarin aiki, alhali wanda aka ɗaure wa karaya ana iya umartarsa ya rage ɗora mata nauyi na makonni. Likitan da ya yi aikin ne kaɗai yake yanke wannan hukunci.

A nan ya dace a ce wani abu game da ɗorin gargajiya. Masu ɗori suna da matsayinsu a cikin al'umma, amma wuyan ƙashin cinya yana can ciki ƙarƙashin tsoka mai kauri, inda karan ɗori ba ya kamawa, kuma karayar takan yanke hanyar jinin ƙwallon. Duk makon da aka ɓata a kwance, tsoka tana zubewa, gyambon kwanciya da ciwon huhu suna samun ƙofa. Ƙa'idar likitoci ita ce a yi wa tsohon da ya karye a ƙugu aiki cikin kwana ɗaya zuwa biyu idan hali ya yi.

Yadda na'urar take

Wanda ya san injin niƙa ya san bel, wato ɗamarar robar nan da ke zagayawa ba ta yankewa. Na'urar tattaki bel ce mai faɗi da aka shimfiɗa a ƙasa, tana gudu zuwa baya, mutum yana taka ta yana tafiya ba tare da ya bar inda yake tsaye ba. Ta cikin ruwa kuwa an sanya bel ɗin ne a gindin wani akwati mai bangon gilashi da ƙofa. Majinyaci yakan shiga akwatin babu ruwa, a rufe ƙofa, sannan a buɗe famfo ruwan ɗumi ya hau zuwa inda likitan gashi ya ga dama, ko cibiya ko ƙirji. Akwai maƙallai a gefe biyu da ake riƙewa. Wata irin kuma a cikin kwamin wanka take, inda daɓen kwamin ne yake sauka da mutum a hankali. Ruwan ana riƙe ɗuminsa a tsakanin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, ƙasa kaɗan da ɗumin jikin mutum, ana tace shi, ana kuma zuba masa sinadarin kulorin domin kashe ƙwayoyin cuta.

Amfanin gilashin shi ne likitan gashi ya ga ƙafar daga gefe, ya lura ko diddige ce take fara sauka, ko taku ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ko majinyaci yana karkata jiki yana gudun ɗora nauyi a kan ƙafar da aka yi wa aiki. Ana farawa da tafiya ta a hankali ƙwarai na 'yan mintoci, a riƙa ƙarawa daga zama zuwa zama.

Jinya da ruwa daɗaɗɗiyar hanya ce. Franklin Roosevelt, wanda daga baya ya shugabanci Amurka, ya fara zuwa ruwan ɗumi na Warm Springs a jihar Jojiya a 1924 saboda shanyewar ƙafafunsa, kuma wurin ya zama cibiyar jinyar masu shan-inna. Abin da na'urar ta ƙara shi ne iya auna saurin tafiya da zurfin ruwa daidai da ƙarfin majinyaci. Ana amfani da ita ga 'yan wasan da suka ji rauni, har ma da dawakin sukuwa.

Abin da ruwan yake yi

Duk mai jan ruwa a rijiya ya san cewa guga cike ba ya da nauyi muddin yana cikin ruwa, sai ya ɗago sama sannan igiya take cin hannu. Masanin Girkawa Arkimidis ya bayyana dalilin tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): ruwa yana tura duk abin da aka tsoma cikinsa zuwa sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Haka yake yi wa jikin ɗan Adam. Mutumin da ke tsaye ruwa ya kai masa ƙugu, kimanin rabin nauyinsa ne kawai yake sauka a ƙafafunsa. Idan ya kai ƙirji, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, idan kuma ya kai wuya, kusan kashi ɗaya cikin goma ne. A ɗauki misalin dattijo mai kilo 70. A cikin ruwa iya ƙugu ƙafafunsa suna ɗauke da kusan kilo 35, a iya wuya kuma kusan kilo 7. Wannan lissafi na mai tsayuwa ne, idan ana tafiya nauyin yakan ɗan ƙaru.

A nan ne hikimar take. Wanda aka yi wa tiyata yana jin zafi, yana kuma tsoron faɗuwa, don haka sai ya koyi tafiyar ɗingishi, kuma ɗingishin da jiki ya saba da shi yana da wuyar bari ko bayan ciwo ya tafi. A cikin ruwa zafin yana raguwa, faɗuwa ba ta da tsanani, sai ya yi cikakken taku irin na mai lafiya. Daga nan likitan gashi yakan riƙa rage zurfin ruwan mako bayan mako, nauyi yana komawa kan ƙafar kaɗan-kaɗan har a kai ga tafiya a tudu.

Ban da ɗaga jiki, ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, don haka tura ƙafa a cikinsa motsa jiki ne ga tsokokin cinya da na ɗuwawu, musamman tsokar gefen ƙugu wadda ke hana mutum rangaji idan ya tsaya da ƙafa ɗaya. Matsin ruwan yana taimakawa wajen rage kumburin ƙafa, ɗuminsa kuma yana sassauta tsoka.

Masu bincike sun gwada wannan hanya. A wani gwaji da aka wallafa a 2009 daga Ostareliya, waɗanda aka fara wa motsa jiki a kwamin asibiti daga kwana na 4 bayan sauyin ƙugu ko gwiwa, an rufe raunin da abin da ruwa ba ya ratsawa, sun fi sauran ƙarfin tsokar gefen ƙugu a kwana na 14. Amma wani gwaji mafi girma daga Jamus, wanda aka wallafa a 2012, ya kwatanta masu fara shiga ruwa a kwana na 6 da masu jira zuwa kwana na 14, kuma ga waɗanda aka sauya wa ƙugu bai nuna wata riba a cikin gaggawar ba. Abin da za a ɗauka daga nan shi ne ruwa mataimaki ne mai kyau, amma babu wani garaje a cikinsa, kuma akasarin waɗanda aka sauya wa ƙugu a faɗin duniya sun koma tafiya ne da sanda da ƙarfen dogarawa ba tare da sun taɓa shiga irin wannan na'ura ba. Ita kanta tana da iyaka. Ruwa ba ya koya wa ƙafa taka kunya ko burji, ko tsallake dokin ƙofa, kuma ƙashi yana buƙatar ɗaukar nauyi kafin ya yi ƙwari. Ko wanda ya samu shiga, tilas ya ci gaba da tattaki a tudu.

Haka kuma ba kowa ake sakawa ba. Mai raunin da bai rufe ba, mai zazzaɓi, mai gudawa, mai ciwon fata, wanda ba ya iya riƙe fitsari ko bayan gida, da mai farfaɗiyar da magani bai shawo kanta ba, duk ana dakatar da su. Mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba yana buƙatar izinin likitansa, saboda matsin ruwa yana tura jinin ƙafafu zuwa ƙirji, aikin zuciya ya ƙaru. Na'ura ce mai tsada, mai buƙatar wutar lantarki a tsaye da ruwa mai tsabta da ma'aikacin da ya ƙware, shi ya sa ake samun ta a manyan cibiyoyin jinya da na wasanni. Wanda yake son sanin ko motsa jiki a ruwa ya dace da shi, sai ya tambayi sashen gashi na asibitin da aka yi masa aiki. Mata suna da damar neman a haɗa su da ma'aikaciya mace, da suturar da ta dace.

Kogi da kududdufi

Wannan shi ne gargaɗin da ya fi muhimmanci ga al'ummar yankin. Kada a kai wanda aka yi wa tiyatar ƙugu kogi, ko tafki, ko kududdufi, ko ramin ginin bulo da ruwan damina ya cika, da sunan motsa jiki.

Dalili na farko ƙwayoyin cuta ne. Ana cire zaren ɗinki ne bayan kimanin mako biyu, kuma ko bayan an cire, fatar tana da sauran rauni. Ruwan da dabbobi suke sha, ake wanki a ciki, kwatar gari take gangarawa, yana ɗauke da ƙwayoyin da idan suka ratsa raunin suka kai ga ƙarfen da aka sanya, sukan manne masa su yi wata irin yana da maganin rigakafin ƙwayoyi ba ya iya ratsawa yadda ya kamata, saboda ƙarfe ba shi da jinin da zai kai maganin. Sau da yawa mafita ita ce a sake buɗe wurin, a cire ƙarfen, a yi makonni ana allurai, sannan a sake wani aikin. Kuɗin wannan ya fi na aikin farko, kuma ba kowane tsoho ne yake jure shi ba.

Na biyu, akwai tsargiya, cutar fitsarin jini, wadda ta zama ruwan dare a tafkuna da magudanan ban-ruwa na ƙasar Kano. Tsutsarta tana fitowa daga jikin dodon-koɗi, ta ratsa fata ko da lafiyayyiya ce. Na uku, gindin kududdufi laka ce da ramuka. Ƙafa ɗaya ta kafe a taɓo jiki ya juya, ƙwallon ya gurɗe daga ƙoƙonsa. Ga masu sikila kuma akwai ƙarin hatsari, domin ruwan sanyi yana daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Duk abin da ya sa na'urar ta zama magani, wato tsabtataccen ruwan ɗumi, shimfiɗaɗɗen daɓe, maƙallai da idon ƙwararre, babu ko ɗaya a bakin kogi.

Yadda za a cim ma manufar a gida

Tun da manufar na'urar ita ce rage wa ƙafa nauyi sannan a mayar mata da shi sannu a hankali, to ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da sandunan hamata suna yin wannan aiki, hannu yana karɓar abin da ruwa zai karɓa. Akan fara da ƙarfen, a koma sanduna biyu, sannan sanda ɗaya. Idan aka kai ga sanda ɗaya, a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta. Wanda aka yi wa aiki a ƙugun dama, a hannun hagu zai riƙe. Mutane da yawa suna yin akasin haka. Tafiya kaɗan sau da yawa a yini ta fi tafiya mai nisa sau ɗaya, kuma tsakar gida da aka share, aka kawar da turmi da igiyar awaki da kwanuka, ta isa filin atisaye a makonnin farko. Motsin da likitan gashi ya koyar kafin sallama, kamar lanƙwasa idon sawu sama da ƙasa, matse tsokar cinya da ta ɗuwawu, da buɗa ƙafa gefe a tsaye ana riƙe da wani abu mai ƙwari, a ci gaba da yin su kullum gwargwadon adadin da ya faɗa.

Inda matsala ta fi yawa shi ne yanayin zamanmu. Ga wanda aka sauya wa gaɓa, likitoci kan hana abubuwa uku na tsawon mako 6 zuwa 12: lanƙwasa ƙugu har gwiwa ta fi shi tudu, harɗe ƙafafu, da murɗa ƙafar zuwa ciki. Tsananin dokar ya danganta da ɓangaren da likita ya tsaga, don haka a tambaye shi tun kafin a bar asibiti. Amma kowa ya duba zai ga cewa rayuwar ƙauye kusan dukkanta a ƙasa take. A tabarma ake cin abinci ana hira, a tsugune ake shiga masai, a tsugune ake alwala, mata a kan kujera 'yar tsuguno suke girki da wanke-wanke, kuma durƙusawa ake yi a gaida na gaba. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa ya gurɗe sabuwar gaɓa.

Saboda haka wajibi ne a shirya gida kafin majinyaci ya dawo. A samar da gado mai tsayi wanda idan ya zauna a bakinsa gwiwa ba za ta wuce ƙugu ba, idan gadon gajere ne a ɗaga ƙafafunsa da bulo mai ƙwari. A samar da kujera mai hannu. Kafinta na gari zai iya yin kujerar katako mai rami a tsakiya da za a ɗora kan bakin masai, a kafa turke ko ƙarfe a gefe domin dafawa. A wannan kujera ko makamanciyarta zai yi wanka da alwala, wani ya taimaka wajen wanke ƙafa. Idan zai kwanta ta gefe, a sa matashin kai tsakanin cinyoyi. Game da salla, malamai sun yi bayani cewa shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame ya yi ta a zaune, ya yi nuni a ruku'u da sujada, kuma dattawan da ke jin nauyin haka sun fi natsuwa idan limaminsu ne ya faɗa musu da bakinsa. Masu zuwa dubiya su ma su yi haƙuri da gaisuwar baki, kada a ɗauki rashin durƙusawar surukar da aka yi wa aiki a matsayin raini. Hawa babur, noma da fartanya, daka da ɗaukar tulu duk sai likita ya ba da izini.

Abinci yana da nasa rabon. Wake, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi da zogale suna taimaka wa rauni da tsoka, kuma a riƙa shan ruwa isasshe, musamman masu sikila. Idan an ba da maganin hana daskarewar jini, wanda kan ɗauki kusan wata guda bayan aiki, kada a yanke shi don an ji sauƙi. Gasa wurin aikin da ruwan zafi ko tsaga shi ko shafa masa haɗe-haɗe, duk a bar su.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida. Idan raunin ya yi ja ya yi zafi, yana fitar da ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya taso, kada a tsaya ana cewa zazzaɓin cizon sauro ne, a je a duba. Idan sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, idan kuma numfashi ya yi wuya ko ƙirji ya kama ba zato, gudan jinin ne mai yiwuwa ya tafi huhu, kuma wannan lamari ne na rai. Idan aka ji zafi mai tsanani farat ɗaya, ƙafar ta gajarce ko ta murɗe, ta ƙi takuwa, gurɗewa ce. Kada kowa ya ja ƙafar. A kwantar da majinyaci a mota a nufi Babban Asibitin Gaya ko asibiti mafi kusa, tare da takardar sallama da hoton ƙashi, domin a tura shi inda aka yi aikin.

Ga shugabanni da jami'an ƙananan hukumomi

Abin da ya fi katse jinyar mutanen karkara shi ne komawa asibiti. Ana sallamar mutum a ba shi ranar ganin likita da ranakun zuwa sashen gashi, amma kuɗin mota daga Balan zuwa Kano da dawowa, ga mai rakiya, ga kuma rashin halin hawa babur zuwa bakin titi, sai a je sau ɗaya a bari. A nan ne kansiloli, dagatai, masu unguwanni da kwamitocin raya mazaɓa za su iya taka rawa da abin da bai kai kuɗin na'ura ko kusa ba: sanin gidajen da ke da irin waɗannan majinyata, haɗa musu mota a ranar komawa asibiti, da ajiye ƙarafan dogarawa da sanduna a cibiyar lafiya ta mazaɓa domin a riƙa ba da aro, tun da akasarin majinyata 'yan makonni kawai suke buƙatarsu. Ma'aikatan lafiya a matakin farko za su iya duba rauni da sauya bandeji a gida bisa umarnin da ke cikin takardar sallama. Haka kuma ya kamata jami'ai su riƙa wayar da kan iyalai su nemi bayani a Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Kano game da rajista da abin da tsarin yake ɗauka, tun kafin ciwo ya zo.

A kuma lura da wanda ake miƙa wa majinyaci. Aikin gashin ƙashi sana'a ce ta ilimi da ake karantawa a jami'a, ciki har da Jami'ar Bayero ta Kano, kuma akwai hukumar tarayya mai yi wa masu ita rajista, wadda aka kafa da doka ta 38 ta 1988. Mai tausa ko mai sayar da na'urar jijjiga a kasuwa ba likitan gashi ba ne, kuma iyali suna da haƙƙin tambayar shaidar duk wanda ya zo gida da sunan zai motsa ƙafar.

Ga waɗanda aikinsu ba na gaggawa ba ne, kamar masu sikila da masu zaizayewar gaɓa, yana da kyau su tattauna lokacin da likita. A ganin mai wannan bayani, bayan kaka ya fi sauƙi ga manomi, saboda hanyoyin ƙauye sun bushe, tsakar gida ba santsi, amfanin gona ya shigo, kuma 'ya'ya sun samu sararin jinya. Mai sikila sai a tanadar masa bargo da ruwan ɗumi saboda hunturu. Wanda aka yi wa aiki a watan Nuwamba ko Disamba yana da wata 5 zuwa 6 kafin saukar ruwan shuka, kuma a ziyarar asibiti ta ƙarshe kafin damina ne zai tambayi likitansa irin aikin gonar da ƙugun zai ɗauka a wannan shekarar.